Yaron da ke wucewa ta gaban teburina

Ranar da na fara ganin Felipe López ban san sunansa ba, ƙwallon kwando kuwa iyakar sanina da ita abin da nake hangowa a talabijin ɗin masu shaguna. Ƙarshen shekarar 1993 ne, da sanyin safiya, muna sauke kaya a Titi na 125 da ke Harlem a birnin Niyok, inda nake kasa huluna da riguna a kan tebur. Maƙwabcina da ke kawo ni da motarsa yana rungume da kwalin huluna sai ga ayarin 'yan makaranta sun ɓullo ta kwanar Lenox. A tsakiyarsu akwai wani siririn yaro, baƙi kamar ni, ya kere wa kowa tsawo, jakarsa rataye a kafaɗa ɗaya. Sai kawai na ga dattijon nan ya dire kwalin a kan ƙanƙara, ya ɗaga hannu biyu sama yana ƙwala kira: "Felipe! Felipe!" Yaron ya waiwayo, ya yi murmushi har haƙoransa suka bayyana, ya ɗaga hannu, ya wuce. Na duƙa ina tsince hulunana daga cikin laima ina tambayar dattijon ko ɗansa ne. Ya ce da ni cikin guntun Turancin da muke lallaɓawa da shi: "Ɗanmu ne mu duka."

Wannan dattijo mutumin Jamhuriyar Dominika ne, ƙasar da ta raba tsibiri ɗaya da Haiti a tekun Karibiyan, masu magana da Sifaniyanci. Gidan haya ɗaya muke a Bronx, ƙofarsa na kallon tamu. Kowa a gidan Viejo yake ce masa, ma'ana tsoho, ni ma sai na mayar da shi Tsoho, shi kuma yana kirana primo, wato ɗan uwa. Matarsa ta gane ba ma cin alade tun satin farko, don haka in ta dafa shinkafa da wake ko ta kirɓa ayabar dafuwa da suke kira mangú, sai ta ware namu a tukunya daban kafin ta sa nama. Allah ya saka mata. Mu shida ne a ɗaki biyu, duk 'yan Nijar, ba mai mace a cikinmu.

Ni mutumin Maradi ne. Na yi fatauci tsakanin Maradi da Katsina da Kano, na gangara Lome, na zauna Abijan shekara biyu, sannan a 1992 na samu biza. Kuɗin jirgi kawuna ne ya ranta mini rabi, sauran rabin kuwa gonar mahaifina ce ta bakin gulbi aka jinginar. Ranar da zan tafi gidanmu ya cika kamar ranar suna. Ba wanda ya ce mini kaza muke so, amma na karanta a idon kowa: gini na siminti, kujerar Makka ga Inna, auren ƙanne uku, a kuma fanso gonar. Ina da shekara 24. Na ɗauki kayan nan na aza a ka ba tare da gammo ba, ina ganin ai Amurka ce, kuɗi a titi suke.

A cikin motar Tsoho na koyi tarihin Felipe, kullum safiya kashi ɗaya, kamar karatun allo. An haife shi a Disambar 1974, ya taso a Santiago, birni na biyu a ƙasarsu, garin su Tsoho ke nan. Ƙasar besbol ce, yaro na tasowa sanda da ƙwallo ake miƙa masa, amma shi sai ya liƙe wa kwando a wani kulob na unguwa da ake kira Gregorio Urbano Gilbert, ko GUG a taƙaice. A 1989 ya iso Kudancin Bronx yana ɗan shekara 14, ba ya jin Turanci. Ya shiga ƙungiyar matasa ta Gauchos, ya kuma samu gurbi a Rice, makarantar sakandaren Katolika da ke Titi na 124 a lokacin, layi ɗaya tsakaninta da teburina. Kafin shi ɗan ƙasarsu ɗaya ne ya taɓa taka NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, wato Tito Horford, a 1988, shi ma bai daɗe ba.

Sai daga baya na fahimci dalilin da ya sa babban mutum zai yar da kaya a ƙasa don ya gaida ɗan makaranta. A shekarun nan in aka ambaci 'yan Dominika a jaridun Niyok, to maganar ƙwaya ce ko harbi. A Yulin 1992, watanni kaɗan da zuwana, unguwarsu ta Washington Heights ta yi kwanaki tana ci da wuta bayan ɗan sanda ya harbe wani saurayi nasu. Mutanen da na sani kuwa direbobi ne da masu kantin unguwa da mata masu ɗinki a masana'anta, masu fita tun duhun asuba kamar mu. Suna neman wanda za su nuna wa duniya su ce ga irinmu. Sai Allah ya kawo musu yaro mai fara'a, mai ladabi, wanda ba ya zuwa ko'ina sai da iyayensa da 'yan uwansa.

A watan azumin 1994 Tsoho ya matsa mini sai na raka shi kallon wasan Rice. Hunturun shekarar ya yi tsanani, ƙanƙara ta hana ciniki, sai na bi shi da dabino uku a aljihu. Tun daga bakin ƙofa na ji kiɗa. Na shiga na tarar da zaure ya cika ya batse, tutocin ƙasarsu masu ja da shuɗi da farin gicciye ta kowace kusurwa, wani na dukan ganga, wani na goga wani gwangwanin ƙarfe mai ƙaiƙayi da suke kira güira, tsofaffin mata na rawa a kan benci. Wasan 'yan sakandare fa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne filin kokawa, yadda mutanen Maradi ke bin Kantu da kalangu da kirari ina yaro. Ban san dokokin wasan ba, amma ba sai an yi wa mutum bayanin tsalle ba. Na ga yaron nan mai lamba 13 ya karɓi ƙwallo daga tsakiyar fili, ya gifta mutum biyu kamar an dasa su, ya tashi sama ya zura ta da hannu ɗaya, benci ya girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Lokacin shan ruwa ya yi ina tsakiyar wannan hayaniya. Na ciro dabino na yi bisimilla, Tsoho ya lura, ya ratsa mutane ya sayo mini ruwan gora, ya dawo ido jajir, ban sani ba ko ihu ne ko hawaye.

A shekarar Rice ta ci kofin makarantun Katolika na birnin. Jaridar USA Today da mujallar Parade da kamfanin Gatorade duk suka zaɓe shi gwarzon 'yan sakandare na Amurka baki ɗaya, ya kuma zama zakaran wasan McDonald's da ke tara fitattun yaran ƙasar. Aka laƙaba masa suna Michael Jordan na 'yan Dominika, don Jordan ne gwanin gwanayen ƙwallon kwando a lokacin. Wasu na ganin ya tsallake jami'a ya faɗa NBA kai tsaye ya kwashi kuɗi, amma gidansu gidan karatu ne, mahaifiyarsa malamar makaranta ce a can ƙasarsu, suka tsaya a kan sai ya yi digiri. Ya zaɓi Jami'ar St. John's da ke Queens don ya zauna kusa da mutanensa. A Nuwambar 1994, bai buga ko wasa ɗaya na jami'a ba, mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bangonta. Tsoho ya sayi kwafi biyu. Ɗaya ya sa a firam ya rataye a falo kusa da hoton Maryamu, ɗayan ya yanke bangon ya soke a marfin kare rana na motarsa.

Ni kuwa a daidai lokacin nawa ruwan ya fara ƙarewa. A Oktoban 1994 aka tashi masu talla daga Titi na 125, aka mayar da mu wani fili a Titi na 116 kusa da Masallacin Malcolm Shabazz. Can ba mahadar jama'a ba ce kamar inda muka baro, ga kuɗin rumfa. Cinikin da nake yi a yini ɗaya ya koma na sati. Na ci bashi na saro kaya masu yawa don bukukuwan ƙarshen shekara, suka kwanta mini. A gida kuma tun Janairun shekarar darajar sefa ta faɗi da rabi, sai lissafin mutane ya zama cewa duk dalar Amurka da ke hannuna ta haihu biyu. Lokacin ba wayar hannu, kaset ake aikowa ta hannun matafiya. Sai a kunna rakoda a tsakar gida, kowa ya zo ya gaishe ni ya faɗi buƙatarsa. Ina da wani kaset da na saurara sau ɗaya ban ƙara ba: kawu ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce wane da muka tafi shekara ɗaya ya aiko an fara gini, ko ni lafiya? Muryar Inna ce ta ƙarshe, ita ba ta roƙi komai ba, cewa ta yi in riƙa sa rigar sanyi.

Tsoho ne ya tsamo ni. Ya kai ni ofishin motocin haya na mutanensu, ya tsaya mini, na fara tuƙin dare. Da rediyon mota na bi shekaru huɗun Felipe a jami'a. Shekarar farko yana cin kusan maki 18 a kowane wasa, abin da ko wane sabon ɗalibi zai yi alfahari da shi, amma ƙungiyar ba ta cin wasa yadda ake so, kuma Jordan aka yi wa mutane alkawari. Abokan hamayya suka gane jifansa na nesa bai zauna ba, sai su ja baya su tare hanyar kwando su bar shi ya jefa. Shekara ta biyu ta fi muni, aka sauya koci. Allen Iverson da suka shiga jami'a shekara ɗaya ya zama na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NBA suka yi a 1996. Kevin Garnett da ke bayansa da aji ɗaya ya tsallake jami'a a 1995, aka ɗauke shi na biyar. Felipe na nan yana fama, har ta kai a zauren Madison Square Garden, inda suke buga wasanninsu na gida, 'yan kallo na yi masa ihun tsiya. Masu buga waya gidan rediyo suna cewa an yi musu zamba cikin aminci.

Ni ma na faɗa, kuma shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu. A Maris ɗin 1998, shekararsa ta ƙarshe, St. John's ta samu shiga babbar gasar jami'o'i karo na farko tun zuwansa. Muka taru a falon Tsoho. Suka kara da Jami'ar Detroit, ana saura daƙiƙu kaɗan su Felipe na baya da maki biyu, ƙwallo ta zo hannun Felipe, ya jefa daga nesa, ta ƙi shiga. Aka tashi 66 da 64. Falon ya yi tsit. Ni da ban taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, bakina ya suɓuce na ce yaron nan dai ya ba mutanensa kunya.

Tsoho ya kashe talabijin. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce: "Primo, shekararka nawa a ƙasar nan?" Na ce shida. Ya ce: "Ka gina gidan?" Na yi shiru. Ya ce: "To ka ba uwarka kunya ke nan?" Bai ɗaga murya ba. Ya nuna hoton da ke bango ya ce yaron nan bai taɓa cewa shi Jordan ne ba, su ne suka faɗa, su ne suka rataya masa tuta a wuya yana ɗan shekara 17, kuma bai taɓa cire ta ya yar ba. Na koma ɗaki na kwanta, barci ya gagara. Maganar da na yi wa ɗan mutane ita ce ainihin maganar da nake tsoron ana yi mini a zauren gidanmu, na rasa wanda zan jefa da ita sai shi.

A bazarar nan Felipe ya karɓi digirinsa, da maki 1,927 da ya tara wa St. John's. Ƙungiyar San Antonio ta zaɓe shi na 24 a zagayen farko na zaɓen NBA, a daren ta miƙa shi ga Vancouver ta Kanada. Shekarar ce ɗan ƙasarsu Sammy Sosa ya girgiza duniyar besbol, hankalin 'yan Dominika ya koma can, na ga kamar hakan ma ya sauƙaƙa wa yaron. Rikicin albashi ya hana a fara kakar NBA sai Fabrairun 1999, ya buga ta yana cin sama da maki 9 a wasa. Ya yi shekara biyu a Vancouver, aka tura shi Washinton a 2000, inda Michael Jordan da kansa yake shugabantar harkar 'yan wasa, ba a gama kakar ba suka sallame shi. Minnesota ta ɗauke shi, ya zama ɗan benci a ƙungiyar da Garnett ke jagoranta. A nan ya fara samun natsuwa, jifan nesan da ake yi masa gori a kai ya gyaru. Sai a Oktoban 2002, a wasan share fage da Boston, jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke. Bai sake buga wasan NBA ba. Wasa 249 ya yi, matsakaicin makinsa 5.8. Da ya warke bai zauna yana jiran a tausaya masa ba, ya bi ƙwallo duk inda ta kira shi: Jamus, Sifaniya, Barazil, Ajantina, Benezuwela, da kulob-kulob na ƙasarsu, har ƙarfi ya ƙare.

Nawa tsinkewar ta zo a 2003. Wata mota ta daki tawa ta baya da tsakar dare, ƙashin bayana ya taɓu, na yi wata biyar ban zauna a kujerar direba ba. Ɗan abin da na tara ya tafi a magani da haya. Takarduna sun riga sun daidaita, don haka da na miƙe sai na ce bari in je in ga Inna tun tana da rai. Shekara 11 rabona da Maradi, na sauka da jaka biyu. Na biya kawu kuɗinsa tun tuni, na fanso gonar, na aurar da ƙanne biyu, amma ba gini, ba mota, ba Makka. Na ji abin da ake faɗa a majalisa, don akwai masu kawo maka magana har gida da sunan ƙauna: wai ɗan Amurka ya dawo ba cinya ba ƙafar baya. Da dare na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin tabarma, na fara ba ta haƙuri a kan kujerar Makka. Ta katse ni. Ta sa hannu ta shafa bayana daidai inda ciwon yake, ta ce: "Kai na aika ko kuɗi? Da yawa sun tafi ba a ga ko gawarsu ba." Ta tura ƙanwata ta dama mini fura. Allah bai nufa ta je Makka ba, ta rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙanta. Har gobe abin na ci mini rai, amma ban taɓa jin ta tafi tana ƙullace da ni ba.

Tun daga nan na daina yarda da masu auna Felipe da maki 5.8. Yaran da ke buga ƙwallon kwando a makarantun Amurka dubbai ne a kan dubbai, kujerun NBA kuwa 'yan ɗaruruwa ne, ga yaron da ya zo ba Turanci a bakinsa ya zauna a ɗaya daga ciki shekara huɗu, da digiri a hannu, ba a taɓa jin sunansa a wani abin kunya ba. Bayan ya ajiye wasa NBA ta ɗauke shi cikin jakadunta na ayyukan jinƙai, ya koyar da yara a Bronx, ya koma Santiago ya rungumi kulob ɗin GUG da ya rene shi har ya shugabance shi. Da Al Horford, ɗan Tito, ya ɗaga kofin NBA da Boston a 2024 yana yafe da tutar ƙasarsu, ni Felipe na tuna, da gangar nan ta zauren 'yan sakandare.

Duk da wannan karatu da rayuwa ta yi mini, saura ƙiris in maimaita laifin a cikin gidana. A tafiyar nan ta Maradi na yi aure, maiɗakina ta biyo ni, Allah ya ba mu ɗa namiji muka sa masa sunan mahaifina, muna kiransa Abba. Yana shekara 13 ya kamo ni a tsawo, wani koci na unguwa ya ce yaron na da hannu. Shi ke nan na rikice. Ina tashinsa bayan sallar asuba ya je ya yi jifa ɗari biyu, ina tsayawa a bakin fili ina daka masa tsawa, ina tura bidiyonsa gida a WhatsApp, har 'yan uwa suka fara kiransa ɗan NBA. Wata rana suka sha kashi, ya zubar da jifa biyu a ƙarshen wasa, na yi ta faɗa tun daga fili har gida. Ya shige ɗaki bai ci abinci ba. Uwarsa ta same ni a kicin ta ce: "Malam, ginin da ba ka yi a Maradi ba, a kan yaron nan za ka aza shi?" Na buɗe baki, na rufe. Muryar Tsoho na ji sak, da talabijin a kashe.

Na ƙwanƙwasa ƙofarsa na shiga. Ba al'adarmu ba ce uba ya ba ɗa haƙuri, amma na ba shi. Na ba shi labarin yaron da ke wucewa ta gaban teburina, tun daga kwalin da aka yar a ƙanƙara har gwiwar da ta tsinke. Ya saurara, sannan ya ce: "Baba, ina son ƙwallo, amma ba na son kallon fuskarka in na zubar." Yanzu yana karatun aikin gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, yana buga ƙwallonsa ranar Asabar da abokai.

Tsoho ya ajiye tuƙi ya koma Santiago da matarsa. Ranar da za su tafi ya zare bangon mujallar nan daga marfin motarsa, rana ta cinye launinsa, gefensa duk salatif, ya sa mini a aljihun riga. Kwanakin baya jikarsa ta turo mini bidiyo daga wayarta. Tsoho ne zaune a kan benci da sanda tsakanin ƙafafunsa, a wani filin ƙwallo mai rufin kwano, yara birjik suna gudu. Can tsakiyarsu ga wani dogon mutum, ya yi jiki, ya duƙa yana gyara wa wata ƙaramar yarinya gwiwar hannu kafin ta jefa. Sai na ji muryar Tsoho, ta dushe amma ita ce, yana kiran sunan nan sau biyu. Mutumin ya waiwayo, ya ɗaga hannu.

Na miƙa wa Abba wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar da shi farko, ya tsayar daidai kan yarinyar ya ce: "Baba, dubi ƙafarta, ta tsaya daidai. Wannan za ta shiga."